Taɓa-Ka-Gani a Shagon Goggo

Ranar da na fara haɗuwa da shi, ƙafafunsa na fara gani. Yana tsaye a kan teburin Goggo, babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa, kansa kuwa yana can sama wajen fanka. Na dawo daga sayo takarda ke nan, na tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu. Ya leƙo ni ta ƙarƙashin hannunsa ya ce, "Malama, ɗan matsa gefe, aikin injiniyoyi ake yi."

Na matsa. Allah ma ya sa na matsa, don ban gama ajiye kwalin ba fankar ta sauko da kanta, ta zauna daidai inda nake tsaye.

Ya dubi fanka, ya dube ni, ya ce, "Kin gani ko? Da ma na san za ta faɗo. Shi ya sa na ce ki matsa."

Kafin ranar ba wanda ya taɓa kirana Malama. Ban yi nisa a makaranta ba. A shagon Goggo na iya karatu, da takardun da suka lalace aka jefa kwando, daga baya na koma kan tsofaffin littattafan soyayya da ake zubewa a bakin titi. Goggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Shagonta na buga takardu ne: katin biki, sanarwa, takardar neman aiki. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai fankar nan da aka mayar sama daga baya, wadda tun ranar ba ta san gudu biyu ba. Ko ta tsaya cik, ko ta yi kamar za ta tashi da rufin.

Shi kuwa sana'arsa ta gaskiya sayar da caja da rigar waya ce a kan ɗan tebur a ƙarshen layinmu. Yana kiran kansa Injiniya. Mutanen layi suna kiransa Bari-in-duba, don da waɗannan kalmomi kowace masifa ke farawa. Ya duba injin mai aski, yanzu sai an kifa shi yake ci. Ya duba rediyon mai maganin ɓera, yanzu tasha ɗaya take kamawa, ita ma da yaren da ba wanda ke ji. Abu ɗaya tak ya taɓa haɗawa ya yi aiki: wani akwatin batir da ya ajiye a ƙarƙashin teburin Goggo don kada kwamfuta da firinta su mutu idan an ɗauke wuta. Har yau ba wanda ya san dalilin da ya sa yake aiki, har da shi.

Duk layin an san yana sona, don bai ɓoye ba. Ya faɗa a shagon aski, ya faɗa a tashar mota, ya faɗa wa mutanen da suka zo sayen caja kawai. Ni ce ban taɓa cewa komai ba. A littattafan da nake karantawa, yarinya sunkuyar da kai kawai take yi kowa ya gane. Goggo ba ta karanta irin waɗannan littattafai.

"Ke, kina son ɗan ɓarnar nan ko ba kya so?" Haka take tambayata. Sai in ɗauki abin maƙala takarda in yi ta juya shi a hannu.

"To ni ban iya karatun ƙeya ba," in ji ta.

Da kawunsa ya aiko yana neman izinin zuwa ganinta kan maganar aurena, Goggo ta kira Injiniya gaban teburinta. Ta ce, "Zan saurari kawunka a ƙarshen wata, in ka iya kai wa lokacin ba ka lalata mini komai ba. In ka ƙara, ko inuwarka ta gifta ƙofar nan sai na watsa mata ruwa."

Mai hankali da sai ya zuba hannayensa a aljihu ya jira wata ya ƙare. Shi a ranar ya fara neman abin da zai burge ta da shi.

Bai sha wahalar nema ba. Akwai wani aiki da ke cin ranmu a shagon. Duk wanda ya zo buga kati sai ya ce a sa masa ɗan ado, wannan zuciya, wancan tauraro. Ni kuma sai in buɗe wani babban akwati a kwamfuta mai cike da alamomi ƙanana kamar tururuwa, in yi ta lalube har idona ya yi ruwa, Goggo tana tsaki a bayana. Injiniya ya tsaya ya kalle ni ina wannan lalube, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Goggo, a ƙasashen da suka ci gaba an daina wannan tun kafin a haife ni. Makuro ake haɗawa."

"Mene ne kuma haka?"

"Ɗan aike ne a cikin kwamfuta. Sau ɗaya za ki koya masa aiki, ya riƙe har abada. Zan haɗa miki wanda da an taɓa maɓalli ɗaya, ɗan akwati zai fito da jerin alamomi, kowace da lambarta. Ki danna lamba, alama ta faɗa inda ake so. Ko makaho zai iya."

"Kai za ka haɗa?"

"Ni da na haɗa batir?"

"Kai da ka sauko da fanka."

"Goggo, wancan aikin ƙarfe ne. Wannan ko kusa ɗaya ba za a kwance ba. Yatsa kawai."

Goggo ta tsaya tana tunani. Hedimastan makarantar bayan layinmu ya riga ya ba ta aikin takardun shaidar kammala karatu na ɗalibansa, kuma ya ce kowane suna a sa masa tauraro a gefe. Ta tuna laluben da za a sha. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Da yatsa kawai. In na ga sukudireba a shagon nan, magana ta ƙare."

Washegari ta tafi duba 'yarta da ta haihu a wata unguwa, ta ce za ta kwana biyu. Injiniya ya ja kujera, ya jingina wayarsa da kofin shayi, ya kunna wani bidiyo da ake koyarwa. Yana kallo yana bugawa da yatsa ɗaya, harshensa a waje. Inda mai bidiyon ya yi sauri, sai ya ce, "Wannan ɓangaren na masu koyo ne," ya tsallake.

Kafin azahar ya kira ni. Ya danna maɓalli, sai ga ɗan akwati a tsakiyar allo. Ɗaya tauraro, biyu zuciya, uku almakashi, huɗu ƙoƙon kai da ƙasusuwa, biyar fuska mai murmushi, shida fita.

Wallahi ya yi kyau. Har na ji wani abu ya motsa a ƙirjina.

"Na sa masa suna Taɓa-ka-gani," in ji shi. "Kuma na yi masa ƙari. Da an danna lamba, kai tsaye firinta za ta buga, ba ɓata lokaci. In kuma ya ci karo da matsala, na ce ya koma farko ya sake. Na'urata ba ta san karaya ba."

"Ba za mu gwada ba?"

"Malama, gwaji na masu shakka ne."

Da safe ayyuka uku suka shigo. Wata mata ta kawo katin bikin 'yarta, tana son zuciya tsakanin sunan ango da na amarya. Mai aski yana son sabuwar sanarwa da almakashi a sama. Mai maganin ɓera yana son takardun da zai manna a kwalabensa, da ƙoƙon kai, don yara su ji tsoro. Na buga rubutun duka, sai Injiniya ya ce in je in sayo ambulan, ragowar aikin na manya ne. Kafin in dawo ya buga, ya naɗe, ya miƙa wa kowa nasa a leda. Na tambaye shi ko ya duba. Ya ce duba aikin na'ura raini ne ga na'ura.

Uwar amarya ce ta fara dawowa. Tun daga bakin titi muke jin muryarta.

"Ina mai shagon nan? Wa ya aiko ku? Dangin uban ango ne suka biya ku?"

Ta watsa katunan a kan tebur. Ga sunan ango, ga sunan amarya, ga almakashi a tsakani, baki buɗe.

Injiniya ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya kai nesa. Ya ce, "Hajiya, ai sabon yayi ne. Ma'anarsa an yanke duk wata alaƙa da samarin baya."

"'Yata ba ta da samarin baya!"

"To kin ga an yanke tun kafin su zo."

Ta ɗaga jaka za ta sauke masa, sai ga mai aski ya shigo da sanarwarsa a buɗe. An rubuta ZO A GYARA MAKA KAI, a sama kuma ga ƙoƙon kan mutum yana washe haƙora, da ƙasusuwa biyu a gicciye.

"Bari-in-duba," in ji shi a hankali, "tun da na manna wannan mutum biyu sun zo, sun karanta, sun shafa kansu, sun juya. Ɗaya har da gudu."

Bai rufe baki ba mai maganin ɓera ya turo kai. Ya ɗora kwalba a tebur. A jikinta an rubuta GUBA, a ƙasa kuma wata fuska tana murmushi kamar an ba ta kyauta.

"Wata tsohuwa ta tambaye ni ko cokali nawa ake sha," in ji shi.

Injiniya ya ce laifin madannai ne, sun tsufa. Ya ce zafi ne ya shiga kwamfuta. Ya ce wataƙila uwar amarya ta yi magana da ƙarfi lokacin da na'ura ke tunani. Sannan ya ce zai nuna musu, ya danna shida don a fita. Akwatin ya ɓace, ya dawo. Ya sake dannawa. Ya ɓace, ya dawo.

"Yana son mutane ne," in ji shi, gumi na bin wuyansa. Ya sa yatsa ya danne maɓallin kashe kwamfuta har ta mutu. "Haka manyan kamfanoni ke fita."

Na zauna na sake buga aikin kowa ta tsohuwar hanya, ina lalube cikin tururuwa. Uwar amarya ta tafi tana Allah ya isa. Na roƙi mai aski da ido kada ya gaya wa Goggo. Ya yi dariya ya ce, "'Yar Goggo, kwantar da hankalinki. Ni in faɗa? In ɓata wa kaina kallo? Sai na ga ƙarshen wasan nan da idona."

Da yamma Injiniya ya jera katunan da suka lalace a ƙasa, ya tsuguna a kansu kamar mai duba. Can ya tafa hannu.

"Na gano! Malama, ba kuskure ba ne, tsari ne. Kowace lamba tana ba da abin da ke ƙasanta. In kina son almakashi, ki danna zuciya. In kina son zuciya, ki danna tauraro. Shi ke nan! Ai ma tsaro ne, ɓarawo ba zai iya amfani da shi ba."

"To in ana son tauraro fa?"

Ya dubi jerin. Babu komai a saman tauraro.

"Tauraro," in ji shi, "ya ɗan ƙare a yanzu."

"Hedimasta tauraro yake so."

"Bari in duba."

Ya yi ta dubawa har washegari. Yana kunnawa, akwati na fitowa, yana danne maɓallin kashewa. A karo na ƙarshe da ya kunna, maɓallin ya gaji da duniya, ya shige cikin kwamfutar ya ƙi fitowa. Daga nan ba ta sake kashuwa ba. Ya ce wannan ci gaba ne, ba a kashe kwamfutar banki. Daga baya ya ce mini an gama, ya yi mata magana da yarenta. Na leƙa. Abin da ya yi shi ne ya sake rubuta kalmar TAURARO da manyan baƙaƙe, ya ja mata layi a ƙasa, don na'ura ta gani da kyau. Ya kuma yi wani ƙarin: in akwati ya yi tambaya ba a amsa da sauri ba, ya ɗauki amsar baya ya wuce suna na gaba. "Ba ya jiran malalaci," in ji shi.

Na buɗe baki in ce mu gwada a kan takardar banza. Sai ga Goggo a bakin ƙofa da jakarta, tana tambaya ko lafiya aka yi a bayanta. Injiniya ya ce lafiya lau, har da ci gaba. Ya dube ni da irin kallon nan nasa na yaron da ya wanke hannu yana jiran a yaba. Na rufe bakina. Na ɗauki abin maƙala takarda.

Bai tsaya nan ba. Ya bi layi shago-shago yana gayyatar mutane bikin buɗe Taɓa-ka-gani. Ya lulluɓe kwamfuta da wani zanen Goggo, ya ɗaura mata kirtani ja. Ranar da Hedimasta zai kawo takardunsa, tun kafin ya iso shagon ya cika. Mai aski ya rufe shagonsa ya zo da bencinsa. Mai maganin ɓera ya samu wuri a gaba. Har uwar amarya ta dawo, ta ce hanya ce ta biyo da ita.

Hedimasta dogon mutum ne wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ya fito da takardun daga jaka kamar mai fito da ƙwai. Masu kauri ne, gefensu ruwan zinariya, kuma ya sa hannu a ƙasan kowace tun daga ofis.

"Daidai yawan ɗalibaina ne," in ji shi. "Babu ko ɗaya ta ƙari. Gobe iyaye za su taru."

"Ranka ya daɗe, ko rabi ba za a ɓata ba," in ji Injiniya. Ya karɓa ya durƙusa bayan firinta ya ɗan jima yana ƙwaƙule-ƙwaƙule, don takardun sun yi wa aljihunta kauri. Ya miƙe ya kunna fanka saboda manyan baƙi. Ya yi jawabi. Ya ce daga yau layinmu ya shiga sahun duniya. Ya ce akwai kamfanoni da za su neme shi, amma ba zai manta da talakawa ba. Ya ba Goggo almakashi ta yanke kirtani, uwar amarya ta kau da kai.

Ya janye zane, ya danna maɓalli. Akwati ya fito. Mutane suka ce, "Kai!" Ya ɗaga yatsa sama kowa ya gani, ya sauke shi a kan ɗaya.

Firinta ta yi gyaran murya, ta turo takarda ta farko. Ta ɗan mai aski ce, wanda ya yi shekara biyu a aji ɗaya kafin ya fita. Ga sunansa, ga zuciya a gefe, jawur.

Mai aski ya karɓa ya duba. "Ranka ya daɗe, ashe haka kake son yaron nan? Shi da yake cewa kullum sai ka zane shi."

"Mene ne wannan?" in ji Hedimasta.

"Tauraro ne, ranka ya daɗe, bai gama buɗewa ba."

Kafin ya gama magana, akwatin ya gaji da jira. Takarda ta biyu ta fito da zuciya. Ta uku ma haka. Injiniya ya danna shida. Akwati ya ɓace, ya koma farko kamar yadda aka koya masa, ya ɗora sabuwar zuciya a kan ta farko. Takarda ta gaba ta fito da biyu. Ya sake danna shida. Ta fito da uku, ɗaya ta sauka daidai kan sa hannun Hedimasta.

"Tsayar da shi!" in ji Goggo.

"Yanzu, Goggo, yana ɗan zagaye ne."

"Danna biyu!" in ji wani daga baya. Ya danna. Wata yarinya da ta zo ta ɗaya a ajinsu ta samu almakashi.

"Irin nawa!" in ji uwar amarya, har da tafi. "Allah ya nuna mini!"

"Wane irin naki?" Goggo ta juyo.

"Danna uku!" in ji mai aski, yana riƙe ciki. Injiniya ya ruɗe ya danna. Takardar shaidar wani bawan Allah ta fito da ƙoƙon kai a gefen sunansa.

"Wannan nawa ne, a ajiye mini," in ji mai maganin ɓera.

Hedimasta ya yi tsalle ya kama aljihun firinta zai zare sauran takardunsa. Ya ja, ya ja, ya ƙi fitowa. Ya leƙa, ya ce, "Wa ya tokare wannan da ƙarfe?" Goggo ta leƙa ita ma. Ga ƙotar sukudireba, ruwan ɗorawa, ta leƙo daga gefe.

Ta kai hannu wajen maɓallin kashe kwamfuta, yatsanta ya faɗa rami. Ta dubi Injiniya. Ta zagaya ta fizge wayar wuta daga bango gaba ɗaya.

Akwatin batir ya yi ƙara ɗaya a ƙarƙashin tebur, firinta ta ci gaba da aikinta ko gezau.

Fuskar Injiniya ta haskaka. "Kun gani? Batirin da na haɗa! Ko wuni za a yi ba zai..." Sai ya ga idon Goggo, ya haɗiye sauran.

Ya koma kan ɗaya da shida yana dannawa kamar mai kashe kiyashi. Zukata suka yi ta ƙaruwa har suna rufe sunaye. Fanka kuwa, wadda ba ta san sannu ba, tana ɗaukar kowace takarda daga bakin firinta tana cilla ta waje. Suka bi titi. Wata ta manne a gilashin mota, wata ta faɗa kwata, masu wucewa suna tsalle suna cafkewa. Hedimasta ya fita yana bin su da hularsa a hannu, yana kiran sunayen ɗalibai kamar su ne ke gudu.

Goggo ta ture Injiniya gefe. Ta ɗaga tafin hannu ta sauke wa madannai mari guda, wanda na san ba su aka nufa da shi ba. Zobenta ya sauka a kan sifili.

Firinta ta ja takarda ta ƙarshe, ta turo ta a hankali. Ga suna, ga tauraro ɗaya a gefe, tsaf, kyakkyawa. Sannan ta yi ƙara ta tsaya, don babu sauran abin ci.

Fanka kaɗai ta ci gaba da kukanta.

"Tauraro!" Injiniya ya yi ihu. "Na ce muku yana ciki!" Ya sunkuya ya dubi inda zoben ya sauka, ya daɗe yana kallo. "Sifili? Ashe daga sifili take fara ƙirga? To wane mai hankali ne ke ƙirga babu?"

Hedimasta ya dawo da takardu a rungume, wasu na ɗigar ruwan kwata. Ya ce gobe da safe yana son takardunsa, sababbi, da tauraro, ko ta halin ƙaƙa. Goggo ta ce zai samu, ko da za ta zagaye gari a ƙafa neman irin takardar. Sannan ta zare sukudireban, ta ɗora shi a tafin hannun Injiniya, ta naɗe yatsunsa a kai.

Na jira in ji ya ce laifin zafi ne. Bai ce ba. Ya tsuguna ya fara tsince takardun da suka rage a ƙasa, yana share kowace da gefen rigarsa. Ya ce, "Goggo, ni zan zagaye garin. Ni na ɓata." Muryar ba irin tasa ba ce, ƙarama ce, kamar an cire mata batir.

"Za ka zagaye," in ji Goggo. "In ka kawo, ka miƙo ta taga. Ka ce wa kawunka kada ya wahalar da takalminsa. Ai ma ban ga abin da ake wa wannan wahala ba. Yarinyar nan na tambaye ta har bakina ya gaji, ba ta taɓa cewa tana sonka ba."

Ya ɗago ya dube ni. Duk shagon suka dube ni. Abin maƙala takarda yana can ƙarshen tebur, hannuna ba zai kai ba. Abin da ke hannuna wata takarda ce da fanka ta manna mini a ƙirji, cike da zukata tun daga sama har ƙasa, ko suna ba a gani. Na sunkuyar da kai yadda ake yi a littafi. Na ji ya miƙe, na ji takunsa ya nufi ƙofa.

"Goggo," na ce. Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Ina son sa."

Mai aski ya zame daga kan benci. Uwar amarya ta ce, "Inna lillahi, yarinya, kin ga almakashin kuwa?"

"Na gani. Na ga fanka ma, a kaina ta so sauka."

Goggo ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallona. "Ashe kina da baki. Shekara nawa ina nema." Ta nuna kwamfuta mai rami, ta nuna firinta, ta nuna titi. "To in na saurari kawun nasa, wa zai tsare mini shago? Wa zai tsare miki gida? Wannan ko randa ya samu sai ya kwance ta."

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa, baki buɗe, takardu a hannu. A daidai lokacin fankar ta yi wata ƙara a sama, ta karkace gefe guda. Na ga idonsa ya tafi can. Na ga yatsunsa sun motsa a kan sukudireba. Leɓensa ya fara haɗa kalmar.

Na taka na karɓe sukudireban daga hannunsa, na jefa a jakata, na ja zif.

"Ni zan tsare, Goggo. Kowa a nan shaida ne. Na yi alkawari zan aure shi, kuma muddin ina numfashi, duk ranar da ya ce bari in duba, ba zan ƙara yin shiru ba."